Tambayoyi da Amsoshi a Kan Natsar da Zuciya da Lura da Saƙe-saƙenta

Shekaruna sun haura ashirin ina koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke yankin Ringim a jihar Jigawa, kuma bayan sallar isha'i nakan zauna da magidanta a zaure muna bitar ƙananan littattafan fiƙihu. A da, tambayoyin da ake kawo mini ba sa wuce na tsarki da rabon gado da ƙabli da ba'adi. Amma tun daga damunar 2022, lokacin da ambaliya ta kwashe shinkafa da gero a gonakin bakin kogin Haɗeja, ta kuma rushe ɗakunan ƙasa masu yawa, sai wata tambaya ta riƙa dawowa da fuskoki iri-iri: "Malam, tunani ya hana ni barci, yaya zan yi?" Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gwada a kaina.

Idan an ce mutum ya natsar da zuciyarsa, ana nufin ya daina tunani ke nan?

Ba haka ake nufi ba, kuma wanda ya shiga wannan al'amari da niyyar kashe tunani baki ɗaya zai fita da takaici kafin mako ya zagayo. An halicci zuciya tana saƙe-saƙe kamar yadda aka halicci ido yana gani. A shekarar 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Killingsworth da Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar salula, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da ke ransu, sai suka tarar cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalin mutanen yana wani wuri dabam da inda jikinsu yake. Saboda haka wanda ya ga zuciyarsa tana yawo kada ya ɗauka shi kaɗai aka jarraba.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ruwan da ake ɗebowa daga rafi da damuna, ja wur da laka. Mahaifiyata takan juye shi a randa, ta jefa ɗan alif, ta rufe da faifai, ta kuma hana mu kusantar wurin. Yaron da ya ƙosa, yana tsoma moɗa yana motsawa don ya ga ko ya kwanta, shi ne ke mayar da aiki baya. Idan aka bar shi, lakar ba ta fita daga randa, tana nan a ƙasa, amma abin da ke samanta yakan yi garau har a sha. Natsuwar da muke magana a kanta ke nan: damuwar tana nan, sai dai an daina motsa ta.

Wannan ba al'adar mutanen Indiya ba ce aka kawo mana da sabon suna?

Gaskiya ne mabiya addinin Buddha sun shahara da zaman lura da numfashi tun fiye da shekara dubu biyu, kuma gaskiya ne tsarin mako takwas da wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, wanda asibitoci da dama a Turai da Amurka suka ɗauka daga baya don taimakon masu ciwo mai daɗewa da masu damuwa, daga wajensu ya samo tushe, ya cire masa rigar addini. Amma kasancewar wani ya riga ka sanar da duniya abu ba ya nufin babu shi a gidanku.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin saukar wahayi. A hadisin Jibrilu an fassara ihsani da cewa ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, idan ba ka ganinsa to shi yana ganinka, kuma daga nan malamai suka fitar da abin da suke kira muraƙaba, wato mutum ya zauna da sanin cewa ana kallon abin da ke gudana a cikinsa. Alƙur'ani a Suratur Ra'adi, aya ta 28, ya ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Harisu al-Muhasibi, malamin Bagadaza da ya rasu a shekarar 857 Miladiyya, ya samu laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi, Imam al-Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi sukutum a littafinsa Ihya'u Ulumiddin a kan abubuwan mamakin zuciya. I'itikafin goman ƙarshe na watan azumi da muke gani a masallatan Juma'a, shi ma koyon zama shiru ne. A ra'ayina, lura da numfashi aikin jiki ne kamar motsa gaɓoɓi, ba ibada ba ne kuma ba saɓo ba ne. Abin da Musulmi zai kiyaye shi ne kalmomin da yake maimaitawa da wanda yake nufi da su, kada ya ɗauko lafazin da bai san ma'anarsa ba don kawai ya ji shi a waya.

To, daga ina mutum zai fara?

Ya fara da minti biyar, kada ya ƙara. Lokacin da na ga ya fi dacewa da rayuwarmu shi ne bayan sallar asuba, kafin a kunce dabbobi, kafin yara su tashi da neman koko. Ya zauna a kan buzunsa ko tabarma, ya miƙe bayansa ba tare da ya sandare ba, idan gwiwa na damunsa ya jingina da bango ko ya hau kujera, domin babu lada a cikin azabtar da ƙafa. Ya sunkuyar da ganinsa ƙasa ko ya lumshe ido. Daga nan ya kai hankalinsa ga iskar da ke shiga hancinsa da wadda ke fita, ko ga cikinsa yana tashi yana sauka, ba tare da ya tilasta wa numfashin komai ba. Wanda ya fi samun sauƙi da zikiri ya haɗa istigfari ko hailala da fitar numfashi, a hankali, yana jin kowane harafi.

Kafin ya kai numfashi na huɗu zai tarar da kansa a kasuwar Maigatari yana cinikin bijimin da bai saya ba tukuna. Wannan ba gazawa ba ce. Lokacin da ya farga cewa ya tafi, wannan fargar ita ce ainihin abin da ake nema, sai ya dawo ga numfashi ba tare da ya zagi kansa ba. Idan ya tafi sau talatin ya dawo sau talatin, ya yi aikin ranar.

Ta yaya zan kalli tunanina, alhali ni ne mai tunanin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a kanta komai ya rataya. Hausawa na cewa zuciyar mutum birninsa, kuma birni yana da ƙofa, ƙofa kuma tana da mai tsaronta. Ka dubi maigida a zaure da safe: mai tallan goro zai gifta, maroƙi zai tsaya, mai kawo tsegumi zai yi sallama, ɗan'uwa na gaskiya ma zai zo. Maigida yana ganinsu duka, yana amsa sallamarsu, amma ba kowa yake shimfiɗa wa tabarma ba, balle ya wuce da shi cikin gida. Yawancinmu mun bar zaure babu kowa, duk tunanin da ya zo sai ya zarce har ƙuryar ɗaki ya kwana.

Malamai sun kasa tunani mataki biyar kafin ya zama aiki. Akwai wanda ke giftawa kamar walƙiya, sai wanda ya ɗan tsaya, sai zancen zuci inda mutum ke saƙa da warwara, sai karkata zuwa ga aikatawa, sannan ƙuduri. Suka ce kama mutum da laifi a wurin Allah yana farawa ne daga ƙuduri. Amfanin sanin wannan shi ne mutum ya gane akwai tazara tsakanin zuwan tunani da bin umarninsa, kuma a cikin wannan tazarar zaɓinsa yake. Malaman tasawwufi kuma sun raba saƙonnin zuciya zuwa huɗu bisa inda suka fito: na Ubangiji, na mala'ika, na son rai, da na Shaiɗan. Daga alamomin da suke bayarwa akwai cewa son rai yakan nace a kan abu guda kamar yaro mai kukan alewa, Shaiɗan kuwa idan ka rufe masa wannan ƙofa sai ya koma wata.

A aikace, hanya mafi sauƙi ita ce ka raɗa wa tunanin suna a ranka. Idan ya zo ka ce, "Wannan tsoron bashi ne," ko "Wannan maganar da ƙanina ya faɗa mini ce ta sake dawowa." Akwai bambanci mai girma tsakanin mutumin da ke cewa "na shiga uku" da wanda ke cewa "ga tunanin na shiga uku ya zo". Na farko yana cikin ruwa, na biyu yana tsaye a gaɓa yana kallon ruwan. Bayan 'yan makonni mutum zai lura baƙin nasa ba su da yawa, uku ne ko huɗu suke ta sauya riga.

Wani lokaci munanan tunani kan zo mini, har game da Allah, waɗanda ba zan iya furtawa ba. Na yi ridda ne?

Ba ka yi ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai irin wannan kuka, suka ce suna jin abin da ya fi ƙarfin su faɗa, Annabi ya ce musu wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su furta ko sun aikata ba.

Kuskuren da masu waswasi ke yi shi ne kokawa da tunanin. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Wegner ya umarci mutane kada su tuna da wata farar dabbar ƙasar ƙanƙara na tsawon minti biyar, sai ga shi ta ƙi fita daga ransu, kuma da aka sake su daga baya sai suka fi sauran mutane yawan tuna ta. Dalili shi ne mai gadin da ka sa ya tabbatar tunanin bai zo ba, dole ya riƙa tuna kamanninsa. Ka nemi tsari sau ɗaya, ka ci gaba da abin da kake yi, kada ka tsaya muhawara. Haka ma wanda ke maimaita alwala sau biyar, maganinsa shi ne ya yi sau ɗaya ya wuce ko da zuciyarsa na ce masa bai yi daidai ba.

Da na kabbara salla sai lissafin gona ya taso. Mece ce mafita?

Usman ɗan Abil Asi ya kai wa Annabi irin wannan ƙara, aka gaya masa sunan shaiɗanin Khinzabu, aka umarce shi ya nemi tsari ya yi tofi a hagunsa sau uku. Amma akwai abin da ke hannunmu tun kafin kabbara. An hana salla idan an ajiye abinci ko mutum yana matse da fitsari, kuma Annabi da kansa ya taɓa mayar da wata riga mai zane saboda ta ɗauke masa hankali a salla. Wanda ya taho da gudu daga gona, ya watsa ruwa a gaɓoɓinsa yana amsa waya, ya faɗa sahu liman na ruku'u, bai kamata ya yi mamakin taki da iri sun biyo shi ba. Ka zo da wuri ko da minti uku ne, ka zauna shiru, ka kuma koyi ma'anar Fatiha da Hausa aya bayan aya. Harshe ba ya riƙe hankali a kan abin da hankali bai fahimta ba.

Ina jan carbi kullum, amma ban ji wani sauyi ba. Me ya sa?

Saboda yatsu na iya ƙirga dubu zuciya ba ta halarci ko ɗaya ba. Mun saba ganin mutum a bakin kasuwa carbi na gudu a hannunsa yana kuma taya ɗan akuya. Ba na cewa ba shi da lada, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma natsuwa ba ta nan take shigowa ba. Tasbihi talatin da uku, tahmidi talatin da uku, da kabbara talatin da uku na bayan salla, idan aka yi su da jinkiri har kunne na jin abin da baki ke faɗa, sun isa mutum ya fara. 'Yan Tijjaniyya suna da lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, 'yan Ƙadiriyya ma suna da nasu wuridin, kuma duka ɓangarorin ba sa ba da shi sai ta hannun muƙaddami. Wanda ba ya ɗariƙa yana da azkar na safe da maraice da suka tabbata a hadisi. Ban shiga saɓanin da ke tsakaninsu ba, domin matsalar gafala ba ta tambayar mutum masallacin da yake bi.

Jiki ma yana da rabonsa a jinkirin. Baligi a zaune yana numfashi tsakanin sau 12 zuwa 20 a minti guda, kuma idan hankali ya tashi numfashin kan ƙara sauri ya koma sama-sama a ƙirji. Idan aka tsawaita fitar numfashi, jijiyoyin da ke sassauta bugun zuciya sukan samu ƙarfi. Wani bincike da likita Luciano Bernardi da abokansa suka wallafa a 2001 ya nuna cewa masu maimaita addu'a da carbi a tsarin Katolika numfashinsu kan sauka zuwa kusan shida a minti ba tare da sun yi niyya ba.

Mu mata fa, da ba mu da minti biyar na kanmu?

Wata baba a unguwarmu ce ta aiko da wannan ta bakin jikanta, kuma ta fi ni gaskiya. Daga surfe zuwa ɗebo ruwa, daga hura wuta zuwa goyo, babu wurin shimfiɗa buzu. Baba, ba sai kin zauna ba. Ki zaɓi aiki guda a yini, misali tankaɗe ko tsintar shinkafa, ki sa hankalinki gaba ɗaya a kansa: nauyin rariya a hannu, ƙarar garin yana zuba, ƙamshinsa. Idan maganar kishiya ko ta suruka ta taso, ki gane ta, ki koma ga rariya. Kwanakin da ba kya salla ma ba su hana zikiri ba. Su kuma magidanta da ke karanta wannan, riƙe yaro na minti goma bayan magariba ba ya rage wa namiji komai.

Da na zauna sai barci ya kwashe ni.

Jikinka ne ke karɓar bashinsa, musamman lokacin noma ko girbi. Ka buɗe ido, ka bar jingina, ka guji zama bayan cin tuwo. Idan duk da haka ya rinjaye ka, ka je ka kwanta, ka kuma duba ko wayar da kake dannawa har tsakar dare ce ta cinye barcin.

Zama shiru zai biya mini bashi ne, ko zai dawo da amfanin gonar da ruwa ya ci?

Ba zai biya ko sisi ba. A shekarar ambaliyar nan na karɓi taki bashi a hannun wani ɗan kasuwa bisa alkawarin zan biya da kaka, ruwa ya shafe gonar, shi kuma ya riƙa aiko mini da yaro duk ranar kasuwa, wata rana ma ya tare ni a gaban ɗalibaina. Na yi kusan wata biyu ina farkawa ƙarfe biyu na dare ina shirya maganganun da zan mayar masa, ina kuma hango kaina a gaban alƙali. Da na fara zama bayan asuba ina kallon abin, sai na ga kashi ɗaya ne kawai na damuwar yake game da kuɗi, sauran duk zafin kunyar da ya ba ni ne. Kuɗi ana iya lissafa su a takarda, na kuwa lissafa, na sayar da tumaki biyu, na nemi wani dattijo ya raka ni muka raba sauran biya uku. Kunyar kuwa ba ta da magani sai a bar ta ta huce. Da ban raba su ba, da na je masa da fushi na ɓata sulhun. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta, a nan na gane hikimarsa.

Wasu na cewa suna ganin haske ko jin wani sanyi a jiki. Alamar ci gaba ce?

Kada a ba shi muhimmanci. Ido idan ya daɗe a rufe yakan ga launuka, jiki idan ya saki yakan ji abubuwa. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne a tambayi iyalin mutum ko faɗansa ya ragu.

Yaushe ne abin ya wuce zikiri da zaman shiru, ya zama na asibiti?

Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki mai nauyi, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, abinci da barci suka gagare shi, ko ya fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin halaka kansa ya riƙa zuwa masa, to a kai shi ga likita ba tare da jinkiri ba, a ci gaba da addu'a a hanya. Haka ma macen da ta haihu ta shiga ƙunci ko ruɗewa. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen wannan fanni. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara samun natsuwa. Matashin da ya koma ga tiramol ko kodin don ya kashe tunani, kodin ɗin nan da gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, shi ma taimakon likita yake buƙata kafin wa'azi ya kama shi.

Ina kuma jan kunne game da halwa, wato keɓewar kwanaki da rage ci da barci. Malaman da suka san ta ba sa barin almajiri ya shiga shi kaɗai, domin rashin barci da yunwa da kaɗaici suna iya birkita hankalin mai rauni. Wanda ya taɓa shiga firgici mai tsanani, kamar wanda ɗaki ya rufto wa iyalinsa a gabansa, zai iya tarar da cewa rufe ido na dawo masa da abin. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya gajarta zaman, ko ya yi zikirinsa yana tafiya a hankali daga gida zuwa bakin gona, tare da wani wanda ya amince da shi.